Ciwon da Ake Zama da Shi

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Kona da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Korgom, Hawandawaki, Baudeta, Maijirgi, Urafan da cikin garin Tasawa. Gaisuwa ga 'yan'uwanmu na gundumar Mayahi, tun daga Kanambakashe har Cake da Sarkin Hausa. Wanda ke bakin aiki, sannu da ƙoƙari. Wanda ke kwance, Allah ya ba da sauƙi, ya sa kaffara ne.

Yau hirar tamu da masu ciwon da ba ya tafiya ce: hawan jini, wanda da yawanmu ke ce wa tansiyo, da ciwon sukari, da asma, da farfaɗiya, da emasi, wato sikila. Idan akwai mai ɗaya daga cikinsu a gidanku, a kira shi ya matso kusa da rediyo. A kira wadda ke dafa masa abinci, a kira yaron da ake aike sayen magani, domin maganar ta shafe su kamar yadda ta shafe shi.

Mu nan ƙasar, masassarar cizon sauro ce ta koya mana yadda ake jinya. Jiki ya yi zafi, a tafi likita, a huda yatsa, a ba da ƙwayoyi na kwana 3, a sha, a miƙe a koma gona. Da wannan tunanin muke tarbar kowane ciwo: a sha magani, a ji sauƙi, a ajiye. To, hawan jini da sukari ba su bin wannan hanya. Ƙwayar da aka ba ka tana riƙe ciwon ne muddin kana shan ta. Ranar da ka daina, ciwon ya koma inda yake, kai kuwa ba lalle ka ji komai a jikinka ba. Nan ne mutanenmu da yawa ke faɗuwa. Magidanci ya sha magani wata guda, ciwon kai ya lafa, ya ce alhamdu lillahi na warke. Bayan wata shida ko shekara sai a wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, a ɗora shi a amalanke ana cewa iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa.

Ni ban ɗora wa wannan bawan Allah laifi ba. In ka bi diddigi, sau da yawa babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa, Malam, wannan magani har iyakar rai ne. An auna shi, an rubuta takarda da Faransanci, an miƙa masa, ya ce to, na gode, ya fita. Mai hawan jini yana ganin ma'aikacin likita na 'yan mintoci a wata. Sauran kwanakin duka yana gida, yana gona, yana kasuwa, shi ne da kansa ke yanke shawarar ya sha ko kar ya sha, ya ci ko kar ya ci. Saboda haka abin da ya fahimta a cikin waɗannan 'yan mintoci shi ne jarinsa.

Kuma ciwon nan ya yi yawa a cikinmu fiye da yadda muke zato. A shekarar 2007 ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasarmu, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta bi gida-gida tana auna manya, aka tarar fiye da mutum 1 cikin 3 jininsa ya hau. Ku dubi sahun masallaci, ku dubi matan da ke bakin rijiya, ku yi lissafi. Hukumar ta Duniya kuma ta ce kusan rabin masu hawan jini a faɗin duniya ba su ma san suna da shi ba. An daɗe ana cewa ciwon Alhazan birni ne, masu cin maiƙo. A'a. Yana kama manomi siriri, yana kama mai daka, yana kama mai ciki. Aikinsa irin na gara ne a jikin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, ciki kuwa an cinye, sai ranar da rufin ya rufto. Zuciya yake ci, da ƙoda, da ido, da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Hanyar gane shi ɗaya ce, a ɗaura maka abin awo a damtse. Wanda ya haura shekara 40 bai taɓa aunawa ba, ko an yi ciwon a danginsu, ranar da ya bi ta likita ya tsaya a auna shi.

Yanzu bari mu zo kan lambobi, don nan akwai ruɗani da ya shafe mu musamman, mu mazauna kusa da iyaka. In an auna hawan jini lamba biyu ake faɗa, ta sama da ta ƙasa. A likitocinmu na Nijar za ka ji an ce 14 da 9. In ka ƙetara Daura ko Katsina, wannan awon dai za a ce maka 140 da 90. Abu ɗaya ne, sifili kawai aka ƙara. Kada wanda aka saba ce wa 15 a Tasawa ya ji 150 a Katsina hankalinsa ya tashi. Abin riƙewa shi ne, in awonka yana kai 14 da 9 ko ya wuce, a ranaku daban-daban, kana zaune a natse, to jinin ya hau. Haka sukari. Wanda aka auna da safe bai ci komai ba, a nan ana faɗin giram: daga giram 1.26 zuwa sama, in an maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne. A Najeriya wani wuri za a ce 126, wani wuri a ce 7, duk awo guda ne da ma'auni daban. Shi ya sa duk inda aka auna ka, ka ce a rubuta maka a karne, wato littafin likita, da kwanan wata. Ka kuma ce a faɗa maka da baki, ka haddace. Mutumin da ya san tiya nawa ke cikin buhunsa, ya san kuɗin taki da na kabu-kabu, lamba biyu ba za su gagare shi ba.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: mu da ba mu yi lakwal ba, ina mu ina karanta takardar likita? Gaskiya ne, yawancin manyanmu a karkara ba su karanta Faransanci, mata kuwa abin ya fi yawa. Amma sanin ciwonka bai tsaya ga boko ba. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba tana iya sanin cewa farar ƙwaya ƙarama ta safe ce, doguwar kuma sai an ci tuwo. Abin da take bukata a yi mata bayani da Hausa, a ba ta dama ta tambaya.

Tambayar ce muke jin nauyi. Dattijo yana zaune gaban majo, wato ma'aikacin likita, sa'an ɗansa, kunya ta hana shi ya ce ban gane ba. Mace tana gaban namiji baƙo, kanta a sunkuye, kome aka ce sai to. Ga layi a waje, kowa na ƙorafi. Baba, Inna, ku yi haƙuri, wannan kunyar tana da tsada. Kafin ka tashi daga kujerar nan ka ce: ɗana, mene ne sunan ciwon nawa? Maganin nan sau nawa, kafin abinci ko bayansa? In ya ƙare in dawo ko in saya in ci gaba? Wace alama zan gani in taho da gaggawa? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. In kana tsoron mantuwa, tafi da wani, ɗa ko ƙane ko jika ɗan makaranta, kunne huɗu su ji. Wanda ya iya ajami ya rubuta a bayan kwalin da hannunsa. Mai salula ya nemi izini ya ɗauki muryar ma'aikacin yana bayani, in an koma gida a sake saurare.

Ku ma 'yan'uwana ma'aikatan likita, na ƙananan gidajen likita na ƙauye da na CSI, wato cibiyoyin kiwon lafiya, da na manyan likitocin Tasawa da Mayahi, ina da roƙo gare ku. Mun san nauyin da ke kanku, musamman daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da masassara ke cika ɗakuna da yara, mutum ɗaya yana aikin mutum uku. Duk da haka, kada a tambayi majinyaci “ka gane?”, domin amsar kullum “i” ce. A ce masa: Baba, in ka koma gida Inna ta tambaye ka me likita ya ce, me za ka gaya mata? Daga amsarsa za a ji inda bayanin ya tsaya. A zana masa rana a jikin kwalin safe, a zana wata a na dare. Minti biyu ne, amma suna iya hana a dawo da shi a kwance.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, muna tare da ku a filin kiwon lafiya, yau muna magana kan zama da ciwo mai daɗewa.

Mu shiga madafa. Duk wanda aka ce yana da hawan jini an ce masa ya rage gishiri, kuma yawanci sukan rage wanda ake barbaɗawa. Amma gishirin da ke tukunyarmu ba wannan kaɗai ba ne. Dunƙulen magi, yawancinsa gishiri ne. Farin magi ma yana ɗauke da sinadarin da ke sa gishiri ya hau da jini. Yajin tsire da na kilishi akwai shi. Sai kuma kanwa, wadda mutane ba su kawo ta cikin lissafi ko kaɗan: a miyar kuka, a ɗanwake, a dafuwar wake, a kunu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da duk abin da ya ci tun safe har dare. Uwargida, ki auna da idonki abin da ke shiga tukunya ɗaya.

Maganar kanwa tana da tarihi a ƙasar Hausa. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Parry da Davidson, sun lura mata masu jego suna zuwa da yawa da kumburin jiki da haki, zuciyarsu ta gaza. Da suka bi sawu, sai suka danganta abin da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Iyayenmu mata da ƙauna suke yin wannan hidima, babu mai shakka. Sai dai jikin da ya fito daga haihuwa bai iya ɗaukar wannan gishiri da wannan zafi. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, a kai ta likita ranar, kada a ce sanyi ne a ƙara mata kanwa. Mai ciki kuma da ke ciwon kai mai tsanani, tana ganin duhu-duhu, fuska ta kumbura, ita ma kada a kwana da ita a gida, domin jijjiga na iya biyo baya. Awon ciki kyauta ne a likitocin gwamnati tun 2006, kuma kowane zuwa ana auna jini.

Shawarata ga gidan da ke da mai hawan jini, kada a ware masa tukunya shi kaɗai. Wanda aka ware yakan gaji, ranar biki ko suna ya huce haushi. A rage wa gidan duka sannu a hankali, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Cikin 'yan makonni harshe zai saba, yaran gidan ma sun tsira da wani abu.

Mai ciwon sukari shi kuma tambayarsa kullum ita ce, to me zan ci? Wasu an tsorata su har sun bar tuwo da fura gaba ɗaya, sun rame sun lalace. Hatsinmu abinci ne mai kyau, musamman in ba a surfe shi ƙwarai ba. Abin dubawa shi ne yawa. A rage malmala, a yawaita miya da ganye: zogale, rama, yakuwa, tafasa, kuɓewa. Wake abokin mai sukari ne. Fura a sha daidai, ba sukari. Inda matsalar take shi ne shayi. Mu duka mun san yawan sukarin da ke shiga buta tun daga na farko har na uku, kuma wani yana zama majalisa biyu ko uku a yini. Sai lemun kwalba da na leda. Zuma ma, duk da darajarta, tana hau da sukarin jini, haka dabino in an yawaita. Wannan magana ba ta yi wa wasu daɗi, amma gara a ji ta a nan.

Akwai wani haɗari da ba a cika gaya wa masu sukari ba, shi ne sukarin ya faɗi ƙasa. Yana faruwa ga mai allurar insulin ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, in ya sha magani bai ci abinci ba, ko ya wuni yana noma. Sai gumi ya keto masa, jiki na rawa, yunwa mai tsanani, zuciya na bugawa, magana ta rikice. In yana cikin hayyacinsa a ba shi sukari dunƙule 3 ko a jiƙa a ruwa ya sha nan take, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe guda a nufi likita. Don haka mai irin wannan magani kada ya fita gona ba sukari a aljihu, kuma abokan aikinsa su san halin da yake ciki. Ɓoye ciwo ga wanda kuke wuni tare ba dabara ba ce.

Sai ƙafa. Sukari in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba, gyambo ya zauna, daga nan sai maganar yankewa a Maraɗi. Kowane dare a wanke ƙafa, a share tsakanin yatsu, a duba tafin da fitila. Wanda idonsa ya yi rauni jika ya duba masa. Kada a fita ba takalmi, a zazzage takalmin kafin a sa. Lokacin ɗari kada a kanga ƙafa a wuta. Kada a bari wanzami ya yi tsaga ko sakiya a ƙafar mai sukari. Ƙaramin rauni da ya kwana biyu bai nuna alamar kamewa ba, likita.

Mai insulin da ba shi da firiji, zafi yana lalata maganin. A sami tukunyar ƙasa ƙarama a sa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a sa kwalbar cikin leda ko gwangwani a ajiye a ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Ƙwayoyi ma kada a bar su a aljihun babur ko kan taga.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi, kuɗi. Na san akwai mai saurarena da ke cewa, Malam, duk mun ji, amma maganin wata-wata da me za a saya, ga rumbu ya yi ƙasa? Wannan gaskiya ce, kuma ba ni da bakin da zan raina ta. Tun ranar 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a likitocinta, ta kuma soke jika 150 na sefa da ake biya kafin a fara wa mutum wankin ƙoda. An samu sauƙi, amma ƙwayar yau da kullum har yanzu daga aljihu take fita. Abin da zan ce, ka gaya wa likita ƙarfinka ba tare da kunya ba. Magani ɗaya yakan zo da sunan kamfani mai tsada, ya kuma zo da sunansa na asali mai rahusa, aikinsu guda. Ka ce a rubuta maka mai rahusar. Da kaka, in an sayar da wake ko gujiya, a cire kuɗin magani tare da na iri. Samarin da ke ci-rani a Kano, Legas, Agadas ko Libiya, in za ku aiko wa tsoho da kuɗi, ku ware na magani ku damƙa wa wanda zai saya, kowane wata. Kuɗin ƙwayar shekara guda bai kai abin da ake kashewa a mako ɗaya na jinyar shanyewar ɓarin jiki ba, balle wankin ƙoda da ke raba mutum da garinsa.

Abin da ba na so ku yi shi ne raba ƙwaya biyu don ta kai, ko sha yau a tsallake gobe, ko aron maganin maƙwabci don shi ma tansiyo gare shi. Kowa da irin nasa. Wani maganin hawan jinin, irin captopril, haɗari ne ga mai ciki. Kuma in magani ya dame ka, koma ka faɗa. Captopril yakan sa busasshen tari, amlodipine yakan kumbura idon sawu, metformin yakan ɓata ciki a farko, shi ya sa ake shan sa da abinci. Duk ana iya canzawa ko a gyara. Yin shiru a jefar da kwalin shi ne asara.

Ranar kasuwa kuma ga masu tallan magani a faranti da bayan keke, ƙwayoyi sun sha rana sun sha ƙura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kimanin magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko bai cika inganci ba. Ko na gaskiyar ne ma, akwai waɗanda ba su dace da ku ba. Ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma ke haɗiya kullum bayan an taso daga gona, suna hau da jini suna cin ƙoda. Ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata da amare ke sha, irin dexamethasone, suna jawo sukari da hawan jini. Mai ciwo mai daɗewa kada ya haɗiyi abin da bai nuna wa likita ba.

Haka maganin gargajiya. Ba zan zauna nan in zagi sassaƙe da saiwa ba, da su aka raine mu. Amma duk mai lasifika da ya ce yana da gora ɗaya da ke raba mutum da sukari ko hawan jini har abada, ku riƙe kuɗinku. Ɗaci ba shi ne shaidar magani ba. In kana shan wani jiƙo, faɗa wa likita, kuma kada ka ajiye ƙwayarka saboda shi. Addu'a kuwa da sadaka, a yi su a ƙara, tare da magani. Malamanmu sun sha faɗa a mumbari cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Azumi ma haka: addini ya yi wa majinyaci rangwame. Tun watan Sha'aban mai sukari ya je ya tambayi likita ko jikinsa zai ɗauka, da yadda za a juya lokutan magani, sannan ya tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Wanda ya ɗauki azumi alamun faɗuwar sukari suka zo masa, ya karya nan take.

Lokaci yana tafiya, amma ba zan rufe ban taɓo 'yan'uwanmu masu farfaɗiya ba, domin su ne aka fi zalunta da rashin sani. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓawa ko cin abinci a ƙwarya ɗaya. In ta tashi, a janye mutum daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a danne shi. In ta lafa a juya shi gefe. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, a tafi likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu ita za su iya rayuwa ba faɗuwa in suna samun maganin da ya dace suna sha kullum. Yaro mai farfaɗiya yana iya zuwa makaranta, yarinya tana iya aure. Sharaɗin dai kada a yanke maganin kwatsam, don yankewar na tayar da ita fiye da da.

Mai asma, hunturu da hayaƙin murhu da ƙurar sussuka su ne abokan gabarsa. Abin shaƙar nan da ake fesawa a baki ba ya kama mutum, kuma ba alamar ciwo ya kai ƙarshe ba ne. A sa ma'aikacin likita ya nuna yadda ake fesawa, kai ma ka gwada a gabansa.

Emasi kuwa gado ne daga uwa da uba duka biyu. In su biyun suna ɗauke da AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS, ko da su lafiyarsu ƙalau. A wurinmu da auren zumunci ya yi yawa, gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa ya fi sauƙi a kan bayan zukata sun ƙullu. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo. Yaron da ke da shi a riƙa ba shi ruwa da yawa, a rufe shi lokacin sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, a cika masa rigakafinsa, kuma zazzaɓi ko kaɗan ne ba a jira da shi gobe.

Abu na ƙarshe, alamun da ba a tsayawa shawara a kansu, ko tsakar dare ne: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji mai danna mutum, haki yana zaune, ko suma. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kada a ba shi ruwa ko kunu, yana iya shaƙewa. A ɗauki karnensa da duk kwalayen maganin da yake sha a tafi da su. Tun yau kowane gida mai majinyaci ya ajiye lambar mai mota ko mai kabu-kabu, da ta majon CSI mafi kusa, da ta relen unguwa, wato wakilin lafiya, kada sai abu ya faru a shiga neman wanda ke da ita.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ya miƙa ta ga relen garinsu ko ya aiko mana, za mu nemi ma'aikacin likita ya amsa a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.

(Kiɗan rufe shiri)